Yasar Kududdufin Maman Abby

Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin duba-gari a Bukuru, kuma duk wanda ya san ni a lokacin zai gaya maka ba ni da abokin gaba irin ruwan da ke kwance. Gwangwani ne, tsohuwar taya ce, fasasshen tulu ne a bayan ɗaki, in dai na ga ruwa a ciki sai na kifar da shi kafin in amsa gaisuwar masu gida. Mata kan hango hulata tun daga bakin layi su ruga su zubar da abin da ke cikin kwatanniya. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da Allah ya haɗa da Pauline, matar da ta sa aka haƙa mata kududdufi a bayan gidanmu da gangan.

Nas ce. Ita ta fara zuwa Amurka, ni da 'yarmu Abby muka biyo bayan shekara uku. Na samu aikin gyare-gyare a wani ginin ofisoshin gwamnati a Southwest Washington, famfo da fitila da ƙofar da ta ƙi rufuwa. Da muka koma Upper Marlboro, gidan ƙarshe a layinmu inda daji ya fara, ko labule ba mu gama ratayewa ba Pauline ta kira Mumin, wani mutumin Kumasi mai gyaran lambu, ta nuna masa inda zai haƙa. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce gidan sauro za ta gina mana, ni da na ƙare ƙuruciyata ina rushe irinsa. Ta ce mazari, ƙwaron nan mai fiffike huɗu da ke shawagi a kan ruwa, zai zo ya cinye sauron. Abin haushi, haka aka yi. Shekara tara muna gidan, ban taɓa kama tsutsar sauro ko ɗaya a ruwan nan ba, kuma Allah ya sani na nema.

Mazari iri-iri ne ke zuwa, amma akwai nata na musamman. Ƙanana ne, mazan shuɗaye, da zane biyu a kafaɗa irin na kofur ɗin soja, don haka take ce musu kofur-kofur ɗina. Ba sa jimawa. Wajen tsakiyar Afrilu za su bayyana gaba ɗaya kamar an buɗe musu ƙofa, su baje a kan duwatsun bakin ruwa suna shan rana, kafin a yi nisa cikin Yuni babu ko ɗaya. Ta sha yi mini bayanin inda suke fitowa. Na tabbata ta yi, domin ina tuna bakinta yana motsi, ni kuma ina gyaɗa kai ina karanta labaran gida a waya. A tunanina daga daji suke tasowa in gari ya yi ɗumi, kamar yadda shinge, garar nan mai fiffike, ke zuwa da ruwan farko.

Ciwon suga ne ya ci mata ido. Na hagu ya tafi tun shekarar da ta ajiye aiki, na dama kuma aka yi masa aiki a ƙarshen Fabrairu. Likitan bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce aikin zai ƙara mata 'yan watanni ne kawai, ba zai yi alkawarin idon zai kai ƙarshen shekara ba. Ni ne na rasa inda zan sa kaina. Ita kuwa da muka shiga mota ta ɗaura bel ɗinta ta ce, "Baban Abby, bar wannan fuskar. In dai na ga kofur-kofur ɗina na bana, sauran na bar wa Ubangiji."

Bayan aikin, dole ta kwanta rub-da-ciki har sati biyu, fuska a ƙasa, don idon ya kama. Abby ta ɗauke ta zuwa gidanta a Takoma Park, tunda ita tana aiki daga gida, ni kuma ina fita tun asuba. Aka bar ni ni kaɗai da gida da hannuwa biyu marasa aikin yi, kuma duk wanda ya san ni ya san nan ne hatsarin yake.

Asabar ɗin farko ta Maris rana ta fito da ɗumi. Na leƙa bayan gida na ga kududdufin, ƙanƙarar kansa ta narke, ruwan baƙi ƙirin, ganyen kaka ya ruɓe a ciki, yana wani wari. Zuciyata ta ce, mace za ta dawo da ɗanyen ido ta zauna a bakin wannan ƙazanta? A gida da rani ake yasar rijiya, lokacin da komai ya bushe, a kwashe taɓon shekara a bar ruwa mai kyau ya tsattsafo. Nan kuwa bishiyoyi duk tsirara, ciyawa a mace, ai wannan shi ne raninsu. Na ce bari in yi wa Maman Abby abin da za ta dawo ta yi mamaki. Na je na ari injin jan ruwa wajen Mumin. Yana sauri zai fita aiki, bai tambaye ni me zan yi da shi ba, ni ma ban faɗa ba.

Kafin azahar na zuƙe ruwan. Na fitar da tukwanen ciyawar da ta dasa a cikin ruwan na jera a gefe, na naɗe ƙafar wando, na shiga da shebur. Taɓon ya kai idon sawu. Shebur na uku na fara ganinsu, wasu ƙwari gajeru masu launin taɓon kansa, ƙafa shida, manyan idanu, babu fiffike, suna jan jiki a hankali saboda sanyi. Na ce dubi abin da matar nan take kiwo mana a bayan gida! Kowane shebur sai na ɗebo biyar, shida. Na cika baro sau goma sha ɗaya, ina turawa bayan shinge ina juyewa, tsuntsaye suka sauko suka yi ta shagali, har ina ce musu su ci da kyau. Na wanke baƙar robar da aka shimfiɗa a ƙasan da buroshi da kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, na ɗauraye, na cika da ruwan famfo, na mayar da tukwanen ciyawa. Ruwa ya fito garau, kana ganin ƙasansa. Bayana yana ciwo, amma na daɗe ban ji daɗin kaina irin na ranar ba.

Da daddare sanyi ya dawo da ƙarfi. Washegari bayan mun taso daga coci Mumin ya zo karɓar injinsa, na ja shi bakin kududdufin don ya yaba. Ya tsaya ya dubi ruwan. Sai ya zagaya bayan shinge, ya tsuguna, ya tona taɓon da ya daskare da ɗan itace, ya ɗago ɗaya daga cikin ƙwarin a tafin hannunsa, a sandare.

"Ei, Massa Martins," in ji shi. "Ei. Me ka yi haka?"

Na ce yasa na yi, ko bai taɓa ganin yasa ba a Kumasi?

"Wannan 'ya'yan mazari ne," ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Shi ne kofur na Madam. Madam ya hana ni taɓa ƙasan ruwan nan, ko ganye ɗaya ya ce kar in cire."

Ya yi mini bayanin da Pauline ta yi shekara tara tana yi, amma wannan karon kunnena a buɗe yake. Uwar takan zuba ƙwai a ruwa a watan Mayu. Su ƙyanƙyashe, su zauna cikin taɓo duk lokacin zafi suna cin tsutsar sauro suna girma. Kafin sanyi ya shigo sun gama girma, sai su lafe a ƙasan ruwa, ƙanƙara ta rufe su, suna jira. In ruwan ya yi ɗumi a Afrilu sai su hau karan ciyawa, bayansu ya tsage, mazari ya fito ya bar ɓawonsa a jikin karan.

"Wata tara suna jira, Massa. Sati shida ya rage masu."

Na zauna a kan baro. Na tambaye shi ko za a iya mayar da su. Ya girgiza kai, ya ce abin da tsuntsu ya bari sanyin jiya ya ƙarasa. Sai ya ba ni shawarar da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Ya ce in gaya mata yau ɗin nan. Ya ce akwai wurin shaƙatawa a bakin kogin Patuxent, tafiyar minti ashirin daga gidanmu, inda irinsu ke fitowa kowace shekara ba adadi. In Afrilu ya yi in riƙa kai ta can, shi ke nan, ta ga abinta.

Na ce likita ya hana a tayar mata da hankali, kuka zai lalata aikin idon. Gaskiya ne likita ya faɗi haka, amma ba shi ya rufe mini baki ba. Kunya ce. Ni Martins, da ba a taɓa kama ni da kuskure a kan maganar ruwa ba, in je in durƙusa gaban matar da ke kwance fuska a ƙasa in ce na kwashe abin da take jira na ba tsuntsaye? Na ce wa kaina wataƙila wasu sun maƙale a cikin tukwanen ciyawa, wataƙila na daji za su zo su cike gurbin, ba za ta taɓa sani ba. Na roƙi Mumin ya rufa mini asiri. Ya ce shi ba zai fara maganar ba, amma in Madam ta tambaye shi ba zai yi mata ƙarya ba. Ya ɗauki injinsa ya tafi, kuma daga ranar ya riƙa turo wani ya yanke mana ciyawa. Ni kuma na kwaso busasshen ganye na watsa a kan ruwan don ya yi duhu.

Ta dawo a tsakiyar Maris. Idon ya kama daidai gwargwado, abin nesa ya zama hazo, amma na kusa tana gani, musamman cikin rana. Ta tambayi kududdufinta, na ce yana nan lafiya.

Bayan Ista ta sa na fitar mata da kujera. Kullum ƙarfe tara, da rana ta kai kan duwatsun, za ta fita da shayinta da hular rana ta zauna. In tafi aiki, in dawo, in tarar da kofi a ƙasa ita kuma tana nan. Satin farko ta ce ruwan bai yi ɗumi ba. Sati na biyu ta ce bana sanyi ya daɗe, sun makara. Wata Asabar muna zaune sai ga wani ƙaton mazari kore ya zo yana shawagi a kan ruwan. Na miƙe da ihu har na zubar da shayin.

"Ga su nan! Maman Abby, ga su nan, sun fito!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai dai ba za ka taɓa koyo ba. Wannan ɗan ci-rani ne, daga kudu ya taso da fiffikensa. Ba ɗan gida ba ne. Duba mini karan ciyawar nan, in namu sun fara fitowa za ka ga ɓawonsu a manne."

Na durƙusa a bakin ruwa, mutum mai shekara sittin da biyu, ina bin kara ɗaya bayan ɗaya ina neman abin da na san babu. Na ce ban gani ba tukuna. Ta ce to, a ƙara haƙuri.

Mayu ya shigo, dariyar ta ragu. Wata yamma na dawo daga aiki na tarar ta matso da kujerar har bakin ruwa, ta sunkuya, fuskarta kusa da duwatsun. Da ta ji motsina ba ta juyo ba.

"Baban Abby, ba su taɓa kai wannan lokacin ba. Gaya mini gaskiya. Ko suna nan ne, ni ce ba na gani?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini. Da na faɗa mata a wannan yammar, da ta yi fushi, ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba, ranar Asabar mu tafi bakin kogi. Amma na dubi bayanta a sunkuye, na ga yadda take son a ce sun zo, sai wauta ta raya mini cewa in ta ji suna nan hankalinta zai kwanta.

Na ce, "Na ga biyu ɗazu a kan dutsen can."

Ta ɗago ta dubi dutsen, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "To." Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta bar hular a kan kujera. Ranar ba ta ci tuwo ba. Washegari ba ta fita ba, jibi ma haka.

Ranar Lahadi Abby ta zo cin abinci. Ta ga yadda uwarta ta yi sanyi, sai ta ce da Turancinta, me zai hana mu kwashi Mami mu je bakin kogi, ta ji an ce mazari ya cika wurin a watan nan. Cokali yana hannuna, na ce a raina Allah ka sa ta yarda. Pauline ta girgiza kai.

"In je in yi me? Na bakin ƙofata ma ba na gani, babanki ne ke gaya mini suna nan. Bar ni kawai, Abby."

Abby ta dube ni don in sa baki. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin shinkafa. Wannan shirun ya fi yasar muni, ya fi ƙaryar ma muni, kuma na sani tun a lokacin. Matar da har ranar tana tsince tsakuwa daga cikin wake da idonta, ta yarda ta makance saboda ni na faɗa.

Sai ranar goma sha biyu ga Yuni ta sake fita. Ina ɗaki ina guga na hango ta ta taga, ta durƙusa a bakin ruwan. Daga baya ta gaya mini ta ce ne tunda ido ya ƙi, bari hannu ya taɓa ko da ɓawon da suka bari. Ta bi karan ciyawar da yatsu, daga ƙasa zuwa sama, ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ga ta naɗe hannun riga ta zura hannu cikin ruwan har kafaɗa, tana lalube. Na kashe dutsen guga na fita, domin na san an zo wurin.

Ta zaro hannun, babu ko ɗigon baƙi a jikinsa.

"Baban Abby, ina taɓon?"

Na faɗa mata duka, injin da baro da tsuntsaye da kulorin, shawarar Mumin, ganyen da na watsa, da biyun nan da ban taɓa gani ba a kan dutse. Ina magana ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta. Na so ta yi ihu, ta zage ni da Hausa da yarenmu, ta jefe ni da kujerar. Ba ta yi ba.

"Yasar ba ta ba ni mamaki ba," in ji ta. "Duba-gari na aura, na san abin da na aura. Da ka faɗa mini tun a Maris da na yi kuka na share hawaye. Amma ka tsaya kana kallona wata guda ina makokin idon da bai mutu ba." Ta goge hannun a zaninta. "Ɗauko makullin mota."

Muka kama hanyar bakin kogin. Minti ashirin ne kamar yadda Mumin ya faɗa, hanyar da nake wucewa ta bakinta duk ranar da zan je sayen kifi. Akwai wata gadar katako da ta ratsa cikin fadama, na riƙe mata hannu muka hau. Wata ma'aikaciyar wurin tana gyara allo a bakin gadar. Pauline ta gaishe ta, ta kwatanta mata ƙananan shuɗayen masu zane biyu a kafaɗa. Matar ta gane su nan take. Ta ce ai bana sun yi yawa, a farkon Mayu sai da suka rufe katakon nan, mutum sai ya yi hankali kada ya taka su. Ta ce amma lokacinsu ya wuce, rabonta da ganin ko ɗaya ya kai kwana goma. Ta ce mu dawo baɗi a Afrilu, da murmushinta, ba ta san abin da take faɗa ba.

Pauline ta yi mata godiya. Ta saki hannuna ta ci gaba ita kaɗai, tana dafa makarin gadar, har ta kai tsakiya inda rana ta fi ƙarfi. Na biyo ta a baya. Can sai ta tsaya cak. Wani siririn abu, wanda bai kai kofur ɗinta girma ba, ya sauka a kan katakon, kamu ɗaya daga hannunta. Ta sunkuya a hankali.

"Jikinsa kore ne mai sheƙi," ta ce. "Fiffiken baƙi, ya haɗe su a bayansa. Haka ne?"

Na duba. Haka ne, babu abin da ta kuskure.

"Ga ƙafafunsa ma, kamar gashi." Ta juyo ta dube ni, fuskarta duk murna, hawaye na zuba. "Yana gani, Baban Abby. Ka ga? Idona yana gani."

Na riƙe makarin gadar da hannu biyu. Sati tara idon ya ƙara yi yana gani, ya rufe a tsakiyar Agusta. Kofur kuwa sai Afrilu.